Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokoki Ta Tarayya: A Raba Mai Ƙulli Ɗaya Da Mai Buhu A Dokar NDLEA

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa, da Mai Girma Kakakin Majalisar Wakilai, da shugabannin kwamitocin yaƙi da miyagun ƙwayoyi da na harkokin shari'a na majalisun biyu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Mu da muka rubuto wannan takarda lauyoyi ne masu tsaya wa marasa ƙarfi a kotu, da ma'aikatan jinya na sashen ƙwaƙwalwa, da masu ba 'yan shaye-shaye shawara, daga jihohin Arewa. Muna magana ne a madadin mutumin da aka kama da tabar wiwi ta shansa a karo na farko, da iyayensa da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda shari'ar ke faɗa wa a ka tare da shi. Tun farko mu bayyana matsayinmu: ba mu zo neman a halatta wiwi ba. Mun san ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaron da ya fara ta da ƙuruciya, mun san yadda masu ƙarfin cikinta ke kai wasu ga taɓin hankali, kuma addini da tarbiyyarmu sun hana ta. Abin da muke nema shi ne doka ta bambanta mai sha da mai sayarwa, ta kuma ba alƙali abin da zai yi da mai laifin farko wanda ba kurkuku ba.

A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi, daga baya majalisun biyu suka daidaita a kan ɗaurin rai da rai. A watan Yunin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu a wannan daftari na gyaran Dokar NDLEA, wato hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, saboda tanadin da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace. Muhawarar da jama'a suka ji duk ta tafi kan manyan diloli da batun kuɗi. Tunda magana ta dawo hannunku, muna so ku dubi ɓangaren da ya fi shafar yawan mutane.

Ga abin da doka ta ce a yau. Sashe na 11(d) na Dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, bai kuma wuce 25 ba, ga wanda ya mallaki ko ya sha hodar iblis, ko LSD, ko hiroyin, ko makamantansu. Sashe na 19 ya maimaita wannan hukunci ga duk wanda aka same su a hannunsa da saninsa ba tare da izini ba. Sassan ba su ambaci wiwi da suna ba, amma Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okewu da Gwamnatin Tarayya a 2012 cewa tana cikin makamantan. Babu ma'auni a ko'ina. Ba a ce giram kaza ba, ba a ce kilo kaza ba. Matashin da aka ciro ƙulli ɗaya daga aljihunsa da mutumin da aka samu buhu goma a ɗakinsa za su iya tsayawa gaban alƙali a kan sashe ɗaya, da hukunci ɗaya a rubuce. Ba a kuma ce komai ba game da wanda bai taɓa yin laifi ba.

A gefe guda akwai tsohuwar Dokar Tabar Wiwi ta 1966, wadda har yanzu ba a soke ta ba, tana cewa ɗaurin da bai gaza shekara 4 ba, babu zaɓin tara. Tarihin wannan doka kansa darasi ne. A 1966 hukuncin mallaka shekara 10 ne. A 1975 aka sauke shi zuwa wata 6 ko tarar naira 200. A 1984 aka sake ɗaga shi zuwa shekara 4. A 1989 dokar soja mai lamba 48 ta kafa NDLEA. Bayan duk wannan hawa da sauka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani nau'in ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Arewa maso Yamma kaɗai tana da kimanin miliyan 3. Dokar da ta ce kowane ɗaya daga cikin mutum miliyan 10.6 ya cancanci shekara 15 doka ce da ba za a iya aiwatar da ita a kan kowa ba, don haka sai ta faɗa kan wanda tsautsayi ya ritsa da shi, kuma mafi yawa ɗan talaka ne da ke zaune a bakin titi.

Za a ce ai alƙalai ba sa yanke shekara 15 a kan ƙulli ɗaya. Haka ne a mafi yawan lokuta. Alƙalan Babbar Kotun Tarayya da dama kan sassauta, su ba da wata 6, ko shekara 1, ko 2, wani lokaci da zaɓin tara. Muna yaba musu, domin sun ga mutumin da ke gabansu. Sai dai wannan sassauci ba shi da tushe a harafin sashen, saboda haka ya dogara da wane alƙali aka samu, a wace jiha, da kuma ko akwai lauya. Mutum biyu da aka kama da nauyi ɗaya, ɗaya ya koma gida ranar da aka yanke hukunci bayan 'yan'uwa sun haɗa tara, ɗaya ya shafe shekaru. Lauya ba zai iya gaya wa uba abin da ɗansa zai fuskanta ba sai dai ya ce a yi addu'a. Kuma shekara 15 ɗin da ke rubuce tana aiki tun kafin a je kotu: ita ce ake tsorata iyali da ita, ita ce ke sa uwa ta sayar da akuyarta ko keken ɗinkinta don a kashe magana a bayan fage. Duk inda hukunci ya yi nisa da girman laifi, an buɗe kasuwar cin hanci ga duk wanda ke da ikon kamawa.

Kokenmu mafi girma shi ne yadda wannan adadi ya toshe ƙofofin da ku da kanku kuka buɗe. A 2015 kun yi Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Sashe na 460 ya ba kotu ikon yin ɗaurin talala ko ta sa mai laifi aikin yi wa al'umma hidima, don rage cunkoso da kuma hana ƙaramin mai laifi cuɗanya da riƙaƙƙu. Amma sashen ya ce ba za a yi haka ba ga laifin da hukuncinsa ya wuce shekara 3. Mallakar wiwi shekara 15 ce a wata doka, 4 a wata. Ko ta ina aka bi, ƙofar a rufe take. A 2019 kun yi Dokar Hukumar Gyaran Hali, kuka kafa sashe guda na hukuncin da ba na tsarewa ba, da jami'an da za su sa ido a kan masu aikin hidima da waɗanda aka saka bisa sharaɗi. Mutumin da ya fi kowa dacewa da wannan sashe, wato wanda bai ɗauki makami ba, bai cuci kowa ba, bai taɓa shiga hannu ba, doka ta hana a miƙa musu shi ta wannan hanya.

Sashe na 454 na ACJA ya bar 'yar kafa: idan kotu ta ga laifi ya tabbata amma ta dubi halin mutum, da shekarunsa, da ƙanƙantar laifin, tana iya sallamarsa bisa sharaɗin kyakkyawan hali na tsawon da bai wuce shekara 3 ba, ba tare da ta rubuta masa hukuncin laifi ba. Lauyoyi kan roƙi a yi amfani da shi. Amma da wuya alƙali ya kira laifi ƙarami alhali Majalisa ta sa masa shekara 15. Sashe na 416 ya hana a yanke wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, to amma wannan ya kare shi ne daga 25, bai kare shi daga 15 ba. Ita kanta Dokar NDLEA a sashe na 20 ta san da magani da ilimantarwa da gyaran hali, sai dai ga baligi ta sa su a matsayin ƙari a kan hukunci. Yaro ƙarami ne kaɗai aka yarda su zame masa madadin hukunci. Ɗan shekara 19 da ke aji ɗaya a kwalejin ilimi ya wuce wannan rangwame.

Sai batun inda ake shari'ar. Dokar NDLEA ta ba Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai hurumi, kuma a yawancin jihohi tana zama ne a babban birni. Wanda aka kama a Zuru sai Birnin Kebbi, na Biu sai Maiduguri, na Gumel sai Dutse. Alƙalin da zai saurari maganar ƙulli ɗaya shi ne ke da shari'o'in zaɓen fid da gwani, da na bankuna, da na haraji, da na ta'addanci. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba kotun na dogon hutu, sai 'yan kotunan gaggawa a irin su Abuja da Legas da Fatakwal. Sharuɗɗan beli kuwa sau da yawa sukan nemi ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai takardar fili a cikin birnin da kotun take. Ɗan acaɓa daga ƙauye ba shi da irin wannan mutum. An ba shi beli a takarda, amma yana nan a tsare. Kundin Tsarin Mulki a sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Idan kotu mai hurumin guda ce a faɗin jiha, wannan wa'adi kan zama buri kawai.

Tun da iyaye ma za su karanta wannan wasiƙa, bari mu fayyace inda shari'ar mai ƙaramin ƙarfi ke lalacewa, domin ku ma ku ga wuraren da ke buƙatar gyara. Kafin a samu mutum da laifi, dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu huɗu: abin yana hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa, ya san da shi, abin wiwi ne a gwajin kimiyya, kuma ba shi da izinin riƙe shi. Bayan kamu ana gwada abin a gabansa, a auna, a ɗebi kaɗan a rufe a ambulan don aikawa ɗakin gwaji, a cike takardun gwajin farko da na ƙunshe kaya da na neman taimakon masana, shi kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A nan ake fara asara. Takardun da Turanci suke. Da yawa suna dangwalawa ba su ga abin da sikeli ya nuna ba, ba su san ko an auna har da takardar naɗi da leda ba, ba su san ko an haɗa nasu da na wasu da aka kama a wuri ɗaya ba. Idan an yi samame a majalisar matasa aka tsinci ƙunshi a ƙasa, tambayar ta wane ne ita ce dukan shari'ar, amma bayanin da aka rubuta a daren kan riga ya amsa ta.

ACJA ta yi tanadi a kan haka. Sashe na 6 ya wajabta a gaya wa mutum yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a za ta iya tsaya masa kyauta. Sashe na 7 ya haramta kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Sashe na 15 ya yi maganar ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo. Sashe na 17 ya ce a ɗauki bayani a gaban lauyansa, in babu a gaban jami'in agajin shari'a ko wani da ya zaɓa, kuma in ba ya jin Turanci a samo tafinta ya karanta masa, tafintan ma ya sa hannu. Sashe na 167 ya ce mace na iya tsaya wa mutum beli, abin da har yau ake hana iyaye mata a wurare da yawa. Tanade-tanaden suna da kyau. Matsalar ita ce lauyoyin agaji ba su da yawa, kuma yawancin waɗanda ake kamawa ba su taɓa jin labarin waɗannan haƙƙoƙi ba.

Daga nan sai amsa laifi. Mafi yawan irin waɗannan shari'o'i a nan suke ƙarewa, saboda an gaya wa mutum in ya amsa zai fita da wuri, in ya musa zai daɗe yana jiran sakamakon gwaji da shaidu. Sau da yawa hakan gaskiya ne, kuma shi ne abin takaicin. Sashe na 270 na ACJA ya tsara yadda ake sulhun amsa laifi: a rubuce, da sa hannun mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma da lauyansa da tafinta, alƙali ya tabbatar ba tilasta shi aka yi ba, kuma idan alƙali ya ga zai yanke abin da ya fi wanda aka yi yarjejeniya a kai, mutum na da damar janye amsarsa a sake shari'a gaban wani alƙali. Wannan kariya ta mai lauya ce. Wanda ba shi da lauya yakan amsa ne a kan alkawarin baki, ba ya sanin cewa zai iya roƙon a lissafa masa kwanakin da ya yi a tsare kamar yadda sashe na 416 ya ce, ba ya sanin zai iya kawo shaidar makaranta ko ta wurin sana'a ko mai unguwa don neman sassauci, ba ya kuma sanin yana da kwana 90 na ɗaukaka ƙara.

Abin da ke biyo bayan hukunci ya fi hukuncin daɗewa. Dokar NDLEA ba ta da tanadin goge sunan mai laifin farko bayan wani lokaci. Fom ɗin shiga soja, da ɗan sanda, da aikin gwamnati, da takardar shaidar hali da ake nema don fita waje, duk suna tambayar ko kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Wanda aka yanke wa wata 6 yana ɗan shekara 20 zai ci gaba da amsa wannan tambaya yana ɗan 45. Da yake laifin na tarayya ne, gwamnan jiharsa ba shi da ikon yi masa afuwa, sai Shugaban Ƙasa. Mun hana shi aikin halal, sannan muna mamakin ganinsa ya koma wurin dilan da ya saba saya a hannunsa, wannan karon a matsayin yaron aike. A gidan yari kuma, inda kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna masu jiran shari'a ne, a irin Kurmawa da Goron Dutse, zai kwana ɗaki ɗaya da 'yan fashi da 'yan daba, ya fito da abokai da lambobin waya da bai shiga da su ba. An bar jaki ana dukan taiki: gonakin da ke dazuzzukan Ondo da Edo da manyan motocin da ke hauro da kaya Arewa su ne suka cancanci lokacin jami'ai da na alƙalai.

Akwai kuma lissafin kuɗi. Kuɗin ciyar da ɗan fursuna da aka ɗaga daga naira 750 zuwa 1,125 a rana ya kama naira 410,625 a shekara. Idan aka bi harafin doka aka ba mutum shekara 15, ko an cire masa kashi ɗaya cikin uku na kyakkyawan hali, shekara 10 zai yi, abinci kaɗai ya haura naira miliyan 4, ban da gadi da magani da kai shi kotu. Kaso kaɗan na wannan kuɗi zai biya masa zaman shawara da koyon sana'a.

Ba mu ne muka fara wannan magana ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988, wadda Najeriya ta shiga kuma ta kafa NDLEA a kanta, ta yarda a sashe na 3 ƙasashe su sa magani da ilimantarwa da gyaran hali a madadin hukunci ga wanda ya mallaki ƙwaya don shan kansa. Kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi, wanda marigayi Kofi Annan ya kafa kuma tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawarar haka a 2014, ya kuma fitar da samfurin doka a 2018. Ghana ta bi wannan hanya a 2020. A da mallaka a can shekara 10 ce mafi ƙaranci. Yanzu wanda aka samu da ita don shan kansa tara ake ci, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya ɗaurin da bai wuce wata 15 ba. Matashi Bahaushe a unguwar Nima ta Accra ko zangon Kumasi da ɗan'uwansa a Fagge, laifi ɗaya, amma dokar da ke kansu ta sha bamban ƙwarai.

Sai dai kada a kwafi Ghana ido rufe, domin tara ga wanda ba shi da ita ɗauri ce da wani suna. Mun gani a nan gida: a watan Nuwamban 2023 Ma'aikatar Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 don sakin fursunoni 4,068 da ke zaune saboda sun kasa biyan tara ko diyya.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A cire mallaka don shan kai daga sassa na 11(d) da 19, a yi mata sashe nata, a kuma soke tanadin shekara 4 na dokar 1966 don kada a riƙa zagayowa ta can. Hukunci mafi tsanani a sabon sashen ya kasance ƙasa da shekara 3, babu mafi ƙaranci na dole, domin sashe na 460 na ACJA ya samu damar aiki.

A sa ma'auni a cikin jadawalin dokar. Fotugal tun 2001 take amfani da abin da mutum zai sha a kwana 10, wato giram 25 na ganye ko giram 5 na daskararren ƙaro. Ma'aikatar Lafiya da NDLEA su kawo muku adadin da ya dace da Najeriya, bisa nauyin ƙullin da ake sayarwa a titi. Amma a kiyaye abu uku. Idan adadin ya yi ƙasa sosai, kamar giram 2 ko 3, kowa zai faɗa sahun dila, gyaran ya tashi a banza. A auna ganyen tsantsa, ban da takarda da leda, a gaban mai shi da shaida, a ɗauki hoton sikelin. Kuma nauyi ya zama alama ce ta farko kawai: wanda aka samu da ƙasa da adadin amma yana da sikeli, da ƙulle-ƙulle masu yawa iri ɗaya, da saƙonnin ciniki a waya, mai gabatar da ƙara ya samu damar tabbatar da cewa dila ne. Abubuwan da ake haɗawa da sinadari irin wanda ake kira kolorado kuma a ware musu nasu ma'auni, domin haɗarinsu ya fi na ganye nesa.

Ga wanda aka kama karo na farko da ƙasa da ma'aunin, doka ta wajabta a fara tura shi tantancewa kafin a shigar da tuhuma. Ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya yin ta cikin ƙasa da rabin awa da tambayoyin ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ke raba mutane gida uku. Mai ƙaramin haɗari gargaɗi a rubuce da zama ɗaya na faɗakarwa sun ishe shi. Mai matsakaici ya riƙa zuwa zaman shawara yana kwana a gidansu, yana ci gaba da makaranta ko sana'a. Mai babban haɗari, ko wanda ya fara jin muryoyi da zargin mutane, shi ne na asibiti. Binciken 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu shaye-shaye ne ke da larurar da ta kai ga buƙatar magani, don haka kwantar da kowa ɓarnar gado ce. Wanda ya kammala abin da aka ɗora masa a rufe fayil ɗinsa ba tare da hukuncin laifi ba. Wanda ya ƙi zuwa da gangan a kai shi kotu.

A nan akwai kurakuran da muke so a kauce musu tun a rubutun doka. Babu wani maganin sha da aka amince yana raba mutum da wiwi, aikin na zama ne da magana da sauya abokai da cike lokaci. Mai sha kullum in ya daina yakan yi fama da rashin barci, da saurin fushi, da rashin cin abinci, abin ya fi tsanani a makon farko, ya lafa cikin kamar mako biyu. Iyali da jami'in sa ido su san haka don kada su ɗauka taurin kai ne. Gwajin fitsari kuma kan ci gaba da nuna alama har kusan wata guda a jikin wanda ya daɗe yana sha, saboda sinadarin na maƙalewa a kitse. Idan doka ta ce duk wanda gwaji ya nuna a makonnin farko ya karya sharaɗi, za a mayar da mutanen da suka daina da gaske kurkuku.

A ba kotunan majistare hurumin sauraron wannan sabon sashe, yadda za a gama magana a ƙaramar hukumar da abin ya faru, mai unguwa ko uba ko uwa su tsaya beli. Idan za a ci tara, a dubi ƙarfin mutum, a yarda ya biya kashi-kashi, wanda ya kasa a mayar masa da ita awannin aikin hidima. A kuma sa tanadin goge suna: wanda aka yanke wa hukunci a kan mallaka don shan kai, in ya yi shekara 3 bai sake ba, a share shi daga rajista, ya samu ikon amsa tambayar fom da cewa babu. Waɗanda ke tsare yanzu a kan irin wannan laifi su ci moriyar gyaran, a duba fayilolinsu cikin wa'adin da za ku ƙayyade.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in babu inda za a tura mutane. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da ɗakunan shawara na ofisoshin NDLEA, ba za su ɗauki nauyin yankin nan su kaɗai ba. Inda gwamnati ta bar gurbi, gidajen mari ne suka cike shi, kuma kowa ya ga abin da aka tarar a Rigasa da Daura a 2019: mutane ɗaruruwa cikin sarƙa, da tabon duka. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba su da wani wurin ne. Muna roƙon ku ware kuɗi a kasafi don a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan tantancewa da shawara a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, ku kuma sa doka ta ce cibiyar da ke da rajista kuma ake duba ta ce kaɗai kotu za ta tura mutum.

Kafin gyaran ya kammala akwai abin da kwamitocinku za su iya yi ta hanyar sa ido. Ku nemi NDLEA da Babbar Kotun Tarayya su kawo muku alƙaluman shekara uku da suka wuce: mutum nawa aka gurfanar a kan wiwi, nauyin da aka samu a hannun kowanne, nawa ne masu laifin farko, kwana nawa suka yi kafin hukunci, da abin da aka yanke musu. Ku nemi a fassara takardun gwaji da na awo zuwa Hausa da sauran manyan harsuna. Ku tambayi yadda ake cika sashe na 34 na ACJA, wanda ya ɗora wa alƙalai ziyartar wuraren tsare mutane. Muna kuma roƙon a yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan sashe a Kano ko Kaduna, a gayyaci iyaye da malaman addini da likitoci da alƙalan da suka yi ritaya. A shirye muke mu kawo muku daftarin sassan da muka ambata a rubuce a ranar da kuka sa.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Gungun lauyoyi, ma'aikatan jinya da masu ba da shawara daga jihohin Arewa.